Jan Maɓallin Yaya Haliru

Jan maɓallin ne ya ƙi. Duk maɓallan da ke kan akwatin nan, koraye da baƙaƙe da masu ruwan ɗorawa, a rasa wanda zai mutu sai shi, kuma a rasa ranar da zai mutu sai yau da Yaya Haliru zai zo.

Na danna, na ji 'yar ƙarar nan ta "ƙyas" a ƙarƙashin yatsana, amma ɗan jirgin da ke kan allon talabijin ko a jikinsa. Na tura sandar tuƙi dama, ya tafi dama. Na tura hagu, ya tafi hagu. Harbi ne dai babu.

Na ce, "Kai, ni za ka wulaƙanta?"

Da katako nake magana, kuma da ƙarfi, har Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Lokacin an idar da sallar azahar ke nan, kuma bayan la'asar za a kawo shi.

Sunana Haulat. Gyaran waya nake yi a ɗakin zauren gidanmu, nan Ƙofar Kaura, kuma yawanci mata ke kawo mini, waɗanda ba sa son mazan kasuwa su yi ta leƙa musu hotuna. Yaya Haliru shi ne babban wanmu, ɗan farin Inna. Tela ne, na gani na faɗa, aikin wuyan rigarsa daga nesa ake gane shi. Hawan jini ya kayar da shi bara, ɓarin damansa ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo har yana ɗingisawa da sanda, hannu ya ƙi. Malam Mudassir, mai yi masa gashin ƙashi a asibiti, ya rantse mana akwai sauran rai a yatsun nan, naci kawai ake bukata. Yaya ya ce daɗin baki ne ake masa. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, da hannun hagu ya wurga ta kan kwanon maƙwabta. Maganin hawan jinin yana sha, don Kubura matarsa ta tsaya masa a kai, amma duk abin da aka ce don hannun ne, ko man shafawa ko motsa jiki, ba ya ko kallo.

"Ko ruwan zahi ba ni ji a wurin," in ji shi. "Mi za ku tayar?"

To ni kuma ban iya haƙuri ba, kowa ya sani. Na tuna da samartakarsa akwai wani gidan gem a bayan tasha, mai akwatunan nan na tsaye, kuma a wasan jirgi mai harbi ba a taɓa samun wanda ya ja da shi ba. Ni ban taɓa shiga ba, ina mace ina shiga gidan gem. Shi ne zai dawo ya ba ni labari, yana kwaikwayon ƙarar bindigar da baki har Inna ta kore mu. Sai na ce bari in haɗa masa irin akwatin. Tanko kafinta ya buga mini katakon. Na sa tsohuwar talabijin a ciki, da 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu wadda na loda wa wasannin da. Ƙafafun da ke jikin kwamfutar ba su isa ɗaukar sanda da maɓallai duka ba, shi ya sa na bi da su ta wani ɗan allo da muke kira ekspanda. Wayoyin maɓallai duk a kansa suke sauka, shi kuma ya kai wa kwamfutar labari ta wasu siraran wayoyi.

Na sha wuya kafin Yaya ya yarda zai zo. Da ya gaji da ni, sai ya ce, "Sau guda. In na taɓa bai yi ba, kada wanda ya ƙara yi mani zancen hannun nan har in koma ga Allah."

Yaya Haliru ba ya magana biyu. In maɓallin nan ya ƙi a ƙarƙashin yatsansa, ba zai ce waya ce ta tsinke ba, ko da na ɗauki Alƙur'ani na rantse masa. Cewa zai yi hannun ne, kuma shi ke nan an rufe babin.

Na jawo akwatin daga jikin bango na kwance bayansa. Abin da ya fi ba ni haushi, jiya da yamma lafiya lau na bar shi, har sai da na ci mataki uku na wasan da jan maɓallin nan. Na fara da zargin ekspanda, don in wayarsa ɗaya ta saki, komai ɗauke wuta yake yi. Amma ai sandar tuƙi ta kansa take bi, kuma tana aiki. Duk da haka na jona kibod na sa kwamfutar ta kira shi da lambarsa, ya amsa. Na danna kore, ya yi. Na danna baƙi, ya yi. Ashe dai da jan kaɗai muke rigima.

Na ɗauko mita, abin auna wuta, na bi wayarsa tun daga ƙafar ekspanda har zuwa ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin, wanda shi ne ke yin "ƙyas" ɗin. Waya lafiyarta ƙalau. Na ɗora bakin mita a kan makunnin kansa: in na danna ta yi kuka, in na saki ta yi shiru, kamar yadda ya kamata. Tabɗi. Waya lafiya, makunni lafiya, allo lafiya, to aljani ne ya hana harbin?

Na ce ƙila ƙafar ekspandan da ke karɓar jan ce ta ƙone. Akwai wata ƙafar da ban yi amfani da ita ba, sai na mayar da wayar can. Wannan kuma sai an gaya wa kwamfuta an yi ƙaura, don haka na zauna gyara saitin, don sauri ina ta buga harafin da ba shi ba. Na gama, na sake kunnawa, na shiga wasan, na danna. Shiru.

Ban rufe baki daga tsaki ba aka ɗauke wuta.

Wallahi sai da na ji kamar in ɗora hannu a ka. Damina ce, tun safe gari a lumshe yake, hadari na ta kai-komo bai zubo ba, batirin solata bai sha ranar kirki ba. Na duba, ɗan abin da ke ciki zai riƙe talabijin da kwamfuta na wani ɗan lokaci, in ban yi almubazzaranci ba. Na jona, na tsaya ina kallon allon yana farfaɗowa a hankali kamar wanda aka tasa daga barci, zufa na bin bayana.

Wasan ya buɗe. Ban taɓa komai ba, hannuwana na kan ƙuguna, sai na ga jirgin ya saki harsashi guda ɗaya tak, shi kaɗai, ya yi shiru.

Na ce, "A'a. Wa ya aike ka?"

Na fita na sake shiga. Ya ƙara sakin guda ɗaya, ya tsaya. Nan na fara gane inda aka dosa. Na buɗe shafin gwaji, wanda da can ya kamata in fara buɗewa ba don ruɗewa ba. Kowane maɓalli da ɗan akwatinsa a shafin, in an danna ya haska. Duk a kashe suke, ban da na jan. Nasa a kunne yake tar, ba wanda ya taɓa shi.

Ashe ba mutuwa ya yi ba. A wurin kwamfutar, tun ɗazu wani ya danne shi ya ƙi saki. Shi kuwa wasan nan, sai ka saki ka sake dannawa yake ba da harsashi na biyu.

Abin yadda yake, kowace ƙafa ta ekspanda akwai ɗan ƙarfin wuta da ke riƙe ta a sama, kamar siririn zare. In an danna maɓalli sai ya fizgo ta ƙasa, kwamfuta ta ce an danna. In an saki, zaren ya mayar da ita sama. Zaren na cikin ekspandan ba shi da wani ƙarfi, abu kaɗan ke rinjayarsa. Na auna wutar da ke ƙafar jan, na ga ta yi ƙasa sosai. Wani abu ke tsotse ta kaɗan-kaɗan, bai kai ya sa mita kuka ba, amma ya isa ya ruɗi kwamfuta. Na sa hannu can ƙarƙashin katakon na zare wayar daga jikin makunnin. Nan take hasken da ke shafin gwaji ya mutu. Na mayar, ya dawo.

Da na fito da hannuna, sai na ga kan yatsuna ya yi baƙi. Na murza, yana danƙo. Na kai hanci. Ba warin ƙuna ba ne, ba kuma mai ba. Na haska fitilar waya a gefen maɓallin daga sama, inda jan robar ke nutsewa cikin zobensa, na ga wani baƙin layi ya zagaye shi, bai gama bushewa ba.

Na fita tsakar gida. Inna na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa a faifai.

"Inna, wani ya shiga ɗakin aikina da safe?"

"Wa zai shiga? Ni dai na share."

"Kin taɓa akwatin?"

Ta ture wata 'yar tsakuwa zuwa gefen faifan. Ta sake ture wata. Na miƙa mata yatsuna a gabanta, ta dube su, ta mayar da kai ƙasa.

"Ba ke kika ce jan nan ne za shi taɓa ba?"

"Inna, mene ne wannan?"

"Rubutu ne. Wurin Malam Isah na amso. Na aika can gidan, aka maido mani, wai ba shi sha, ba shi shafawa. To na ce bari in sa inda hannun zai sauka."

Innalillahi. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro. Gawayi kuwa wuta na bi ta cikinsa, balle da danshi, ga damina ta hana shi bushewa. Ya gangara ta gefen maɓallin ya shige cikin makunnin ya yi wa wutar 'yar hanya.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Haba Inna! Haba don Allah! Kayan wuta ne fa! Wata nawa ina fama da abin nan, ki rasa abin da za ki zuba masa sai ruwa? Yanzu in ya zo ya danna bai yi ba, me zan ce masa?"

"Ba da yawa na sa ba," in ji ta a hankali. "Bai cika cokali ba."

"To me ya hana ki je ki shafa masa a hannun da kanki, ki bar mini akwatina?"

Maganar na fita na so in kamo ta. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin shinkafar.

Inna Bafulatana ce ta gidan gaske, Yaya kuma ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kakarmu ce ta raine shi. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "yayanku". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi, balle a ce ta kama hannunsa. Ranar da ya faɗi ta je asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambayi Kubura ko an ba yara abinci, ta juyo gida. Ni ce na riƙa kwashe kwanonta a rufe yadda na kai mata, har aka sallamo shi. Duk wannan na sani sarai, kuma na buɗe baki na tambaye ta abin da ya hana ta.

Na durƙusa na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

"Ya lalace ke nan?"

"Bai lalace ba. Akwai sifirit, in na wanke makunnin da shi na goge da auduga, yanzu zai bushe."

Ta ɗago kai da sauri. "Ki wanke? Ayoyi ne fa, Haulatu. Ki goge a auduga ki jefa ina?"

Ni ma da rubutun Malam Isah na shiga kowace jarrabawa ta rayuwata. Kuma ko ba don haka ba, na ga idonta. Wannan cokalin shi ne iyakar inda hannunta zai iya kaiwa ga ɗanta.

Na koma ɗaki na tsaya gaban akwatin. Sauya makunnin shi ne mafi sauƙi, in ciro na kore in sa a nan. Amma sauran duk masu tauri ne, na masu lafiya, sai an sa ƙarfi. Na jan shi kaɗai ne mai laushi, wanda na sa aka nemo mini daga Kano musamman saboda yatsan da ba shi da ƙarfi, kuma guda ɗaya aka samu. In na sa mai tauri, Yaya ba zai iya nutsar da shi ba, duk ɗaya ke nan.

Sai ga kiran sallar la'asar daga masallacin unguwa. Kafin ladan ya kai ƙarshe wayata ta yi ƙara. Kubura ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Haulat, da ya idar da salla za mu taho, mai napep na ƙofar gida. Don Allah kada ya zo ya tarar ba a shirya ba. Sau biyu yana cewa ya fasa."

"A shirye nake," na ce mata. Daga gidansu da ke wajen Gobarau zuwa gidanmu ba wata tafiya ba ce.

Na ajiye wayar ina kallon hasken nan da ya ƙi mutuwa a shafin gwaji. Rubutun na jan ƙafar ƙasa, zaren ekspanda ya kasa riƙe ta. To in ba zan cire mai ja ba, ai sai in ƙara wa zaren ƙarfi. Ɗan rizisto guda nake bukata, abin nan mai kamar ƙwayar shinkafa da zane-zane a jiki, in ɗaura shi daga wayar wuta zuwa ƙafar jan. Zai riƙe ta a sama gam, tsotson tawadar ba zai iya da shi ba, amma in an danna na gaskiya dole ta sauko.

Na kifar da kwalin matattun caja da tsofaffin rediyo a ƙasa. Ɗakin ya yi duhu saboda hadari, ba na ko bambance launin zanen da ke jikinsu. Sai na ga haske ya faɗo kan hannuna. Inna ce ta shigo, ta ɗauki wayata tana haska mini. Na fincike ɗaya na auna, ya yi yawa, ba zai riƙe komai ba. Na biyu ya ƙone tun a gidansu. Na fasa wata caja da filaya, na samu wani shuɗi, na auna, na ce Alhamdulillahi.

Saura liƙawa da dalma. Na ɗauki ƙarfen liƙi zan jona, na tuna batirin. Ƙarfen nan shan wuta gare shi kamar me, in na kunna shi, Yaya zai zo ya tarar da baƙin allo.

"Inna, akwai wuta a kurfoti?"

"Akwai, na ɗora ruwan tuwo."

"Sauke shi."

Ta kawo kurfotin har ƙofar ɗakin. Ina da wani tsohon ƙarfe da wayarsa ta daɗe da mutuwa, na cusa bakinsa cikin garwashi. Inna ta tsuguna da mafici tana fifitawa, ita da ke kukan gwiwa kullum. Na kashe kwamfutar, na lanƙwasa ƙafafun riziston, na saita shi a bayan ekspanda, inda ƙafafun suke a jere kusa da juna kamar haƙoran mataji. In dalma ta zarce ta haɗe biyu, na kashe allon gaba ɗaya.

Karon farko ƙarfen bai yi zafi sosai ba, dalmar ta dunƙule ta faɗo. Na mayar cikin wuta. Inna ta ƙara ƙarfin fifita har toka na tashi. Karo na biyu na goge bakin a tsumma, na riƙe numfashi, na taɓa. Ta narke ta kwanta. Na juya ɗaya gefen, riziston ya ɗauki zafi ya ƙona mini ɗan yatsa, na cije ban saki ba sai da ta kama.

Na kunna. Wannan jiran na farfaɗowar allo, ban taɓa jin tsawonsa irin na ranar ba. Shafin gwaji ya buɗe. Akwatin jan a kashe.

Na danna, ya haska. Na saki, maɓallin ya ɗan yi nauyin tasowa saboda danƙon ƙaro, sannan ya taso, hasken ya mutu. Na sake, ya yi. Na sake, ya yi. Na sake, bai yi ba. Na ƙara dannawa, ya yi, ya ci gaba da yi. Wannan ɗayan da ya ƙi, ban san ko tawadar da ke ciki ba ce ko yatsana ne ya zame, kuma ba ni da lokacin bincike, don napep ya riga ya yi hon a ƙofar gida.

Inna ta sunkuci kurfotinta ta yi cikin gida, ta saki labulen da ya raba ɗakin da tsakar gida.

Kubura ce ta fara shigowa da sallama, Yaya na bayanta yana dogara sanda, hannun daman na rataye a gefensa cikin hannun riga. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, na tambayi yara da mutanen gida, ya ce duk lafiya, idonsa na kan akwatin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Yaya."

Muka zaunar da shi a kujerar da na ɗora wa matashi don ta yi daidai da tsayin katakon. Na shigar da wasan, na ce zan tsaya a baya in riƙe wata waya da ban gama ɗaurewa ba. Bayan akwatin a buɗe yake har yanzu. Na tsuguna a wurin, kuma ga wani guntun waya a hannuna wanda bakinsa ke fere. In na taɓa shi a ƙafar jan, jirgin zai yi harbi ko Yaya ya danna ko bai danna ba. Ba zai gani ba. Sau ɗaya kawai zan yi, in ya kasa, don ya samu ƙarfin gwiwa.

"Haulat."

"Na'am, Yaya."

"Hito nan in riƙa ganin hannuwanki."

Ni da shi ciki ɗaya muka fito, ban san me ya sa na zaci zan iya masa wayo ba. Na saki wayar na zagayo, na tsaya gefen Kubura, na harɗe hannuwana a ƙirji inda zai gan su.

Ya jingine sandarsa. Ya kama hannun daman da na hagu, ya ɗaga shi kamar kayan wani, ya ɗora a kan katakon, ya gyara manuniyar ta hau kan jan maɓallin. Sannan ya kama sandar tuƙi da hagu. Kiɗan wasan ya tashi, jiragen abokan gaba suka fara saukowa daga saman allo.

Yana kauce musu da hagu, kuma wallahi har yanzu ya iya. Amma ni ba allon nake kallo ba, yatsan nake kallo. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kafaɗarsa ta ɗaga, gwiwar hannun ta yi rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yatsan na kwance a kan jan robar bai motsa ba. Ko kuwa ya motsa maɓallin ne ya sake ƙi? Ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai ci mini rai. Kubura ta damƙe mini hannu har farcenta na shiga fatata.

Wani jirgi ya daki nasa, ya tarwatse. Aka ba shi na biyu. Shi ma bai daɗe ba.

Yaya ya saki sandar tuƙin. Ya sauke numfashi, ya jingina da kujera.

"To," ya ce. "Kun dai gani."

Ya kai hannun hagu zai ɗauke na daman, ya fara ɗagawa, sai ya tsaya. Ya ɓata fuska.

"Ke, mi kika zuba ma abin nan? Danƙo gare shi. Shina kama mani yatsa."

Kubura ta saki hannuna ta toshe bakinta.

Na ce, "Yaya, wane yatsan?"

Ya buɗe baki zai yi mini faɗan tambayar banza, sai ya dubi hannunsa. Na hagun na riƙe da tsintsiyar hannu, nesa da maɓallin. Wanda ke kan jan robar shi ne wanda ba ya jin ruwan zafi.

Ya ɗaga yatsan ya juyo shi, ya ga baƙin da ya shafa. Ya kai kusa da fuskarsa ya daɗe yana dubawa, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan baƙin. Bai tambaye ni ba. Ya juya a hankali ya dubi labulen. Ba a ganin kowa, sai yatsun ƙafa biyu masu lalle a ƙasansa.

Ya mayar da hannun kan katakon, ya janye na hagun gaba ɗaya ya ɗora a cinyarsa. Ina jin so yake ya sake jin danƙon nan, ya tabbatar. Yatsan ya yi rawa, ya lanƙwashe kaɗan, ya lotsa.

Ƙyas.

Harsashi ya fita daga bakin jirgin ya haura sama, bai sami kowa ba. Yatsan ya daɗe kafin ya saki, maɓallin ya biyo shi a hankali. Ya sake lotsawa. Wani harsashin ya fita. Kubura ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka tana salati, ni kuwa na kasa ko motsi, hawaye na shiga mini baki.

Daga bayan labule muka ji muryar Inna, tana karyewa a tsakiya.

"Haulatu, ki ce ma wancan ya rage ƙarar abin nan, mutane na salla."

Yaya Haliru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Ya goge fuska da hannun rigarsa na hagu, ya kama sandar tuƙi, ya sake dannawa.